Yadda ninka maganin kitse ya kusa cinye ƙodar Baba a tsakiyar kemo

Kafin a gano wa Baba kansar hanji, ya shekara shida yana shan ƙwayoyi uku: amlodipine 10 mg da safe saboda hawan jini, ƙaramar asfirin ta 75 mg, da simvastatin 20 mg da daddare saboda kitsen jini. Likitan zuciya ne ya ɗora shi a kansu bayan wani ɗan shanyewar ɓarin jiki da ya same shi ya kuma sake shi a yini guda. Ni Ummi, aikina harhaɗa magunguna ne, shi ya sa zan kawo sunayen magungunan da adadinsu yadda suke a jikin kwali, don wanda ke jinyar nasa ya iya dubawa.

Ciwon ya fara ne da jini a bayan gida. Wata goma sha huɗu ana ce masa basir ne. Ya sha saƙe-saƙi, ya sha na masu lasifika a bakin kasuwa, an yi masa na matsi. Alhali alamun ba na basir ba ne tun farko. Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wurin tsarki. Na Baba kuwa a gauraye yake da bayan gidan, ya yi duhu, ga majina, bayan gidan ya sirance, kullum yana jin kamar bai gama ba, wandunansa duk sun yi masa yawa. Sai da jininsa ya yi ƙasa har yana haki idan ya hau matakalar masallaci aka kai shi asibitin koyarwa. Aka zura masa na'urar leƙa hanji ta dubura, aka ga ƙari a ƙarshen babban hanji ta ɓangaren hagu, aka gutsuro aka kai awo, ya tabbata kansa ce. Hoton CT ya nuna tabo uku a hanta. Mataki na huɗu ke nan. Yana da shekara 63.

Likitan kansa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce, "Baba, maganin nan zai danne ciwon, ya rage maka wahala, ya ƙara maka lokaci da izinin Allah. Ban yi maka alkawarin zai raba ka da shi ba." Baba ya ce, "Na ji, Likita. A fara." A ranar aka dakatar da asfirin saboda zubar jinin. Amlodipine da simvastatin kuwa aka ce ya ci gaba da su yadda yake sha.

An fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da haɗin da ake kira CAPOX. Ba a ƙiyasta adadin kemo da ido. Ana lissafa shi ne da faɗin fatar jiki, daga tsayi da nauyi. Baba yana da tsayin santimita 168 da nauyin kilo 62, abin da ya ba da murabba'in mita 1.7. Oxaliplatin 130 mg ne a kan kowane murabba'in mita, nasa ya kama 220 mg, ana saka shi ta jijiya cikin ruwan gulukos na tsawon awa biyu a ranar farko. Sai capecitabine, 1000 mg a kan kowane murabba'in mita sau biyu a rana: ƙwaya uku ta 500 da ɗaya ta 150, safe da yamma, cikin rabin awa bayan cin abinci, kwana 14 a jere, a huta kwana bakwai, a sake zagayowa. Oxaliplatin ba ya shiri da sanyi. Kwanakin farko bayan kowane ƙarin ruwa, idan Baba ya kurɓi ruwan randa sai ya ji maƙogwaronsa ya shaƙe, idan ya taɓa ƙofar ƙarfe da asuba sai yatsunsa su ɗauka kamar wutar lantarki. Lokacin hunturu ne, don haka alwala ta koma ta ruwan ɗumi, aka samo masa safar hannu da ta ƙafa. Bayan zagaye shida tabon hanta ya ragu, awon CEA na jini, mai nuna motsin kansar, ya sauka, amma yatsunsa sun dindince har ba ya jin ƙwayar carbi. Aka cire oxaliplatin don kada jijiyoyin su mutu gaba ɗaya, aka bar shi a kan capecitabine kaɗai.

Wata bakwai aka samu a haka. Daga nan CEA ya fara hawa, hoto ya nuna tabon ya ƙaru. Aka koma layi na biyu, FOLFIRI: irinotecan 180 mg a kan kowane murabba'in mita, leucovorin, da fluorouracil wanda ake bari yana shiga jijiya a hankali har awa 46, duk bayan mako biyu. An kuma aika naman da aka gutsuro awon wata ƙwayar gado mai suna KRAS, sakamako ya dawo cewa ƙwayar gadon ta sauya. Kusan kashi 40 cikin ɗari na masu kansar babban hanji haka tasu take, kuma abin da hakan ke nufi shi ne magungunan kansa cetuximab da panitumumab ba za su yi musu aiki ba, ko da kuɗin sayen su na nan.

A wannan lokacin ne saƙo ya iso wa Baffa, ƙanin Baba, ta WhatsApp. Saƙon ya ce masana sun gano maganin kolesterol, wato kitsen jini, irin simvastatin da Baba ke sha, yana kashe kansar hanji, musamman mai sauyin KRAS, kuma ana ɓoye maganar ne saboda maganin yana da arha. Zan tsaya a kan wannan saƙo, domin ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma rabin gaskiyar da ke cikinsa ita ce ta sa mutane masu hankali suke yarda da shi.

Magungunan statin, wato su simvastatin, atorvastatin, rosuvastatin da pravastatin, asalinsu daga binciken wani masanin Japan ne, Akira Endo, wanda ya samo na farko daga wani nau'in fumfuna a shekarun 1970. An amince da lovastatin a Amurka a 1987. Aikinsu shi ne toshe wani sinadari a hanta mai suna HMG-CoA reductase, wanda shi ne ƙofar hanyar da jiki ke bi ya ƙera kolesterol. To wannan hanyar ba kolesterol kaɗai take fitarwa ba. Tana fitar da wasu ƙananan jeloli na kitse waɗanda furotin RAS, wanda KRAS ke cikin danginsa, yake buƙata kafin ya manne a bangon ƙwayar halitta, kuma sai ya manne yake iya ba da umarnin a hayayyafa. Daga nan masu bincike suka yi tunani mai kyau: idan statin ya hana jelar samuwa, RAS ɗin da ya haukace ba zai sami wurin tsayawa ba. A ɗakin gwaji, idan aka zuba simvastatin a kan ƙwayoyin kansa a faranti, suna mutuwa. Wannan gaskiya ne. Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne yawan maganin da ake zubawa a farantin ya ninka abin da ke yawo a jinin mai shan ƙwaya sau da yawan gaske. Simvastatin da aka haɗiya hanta ce ke kame shi. Ƙasa da kashi biyar cikin ɗari ne ke isa cikin jini.

An kuma sami ƙididdigar da ta ƙara wa zancen ƙarfi. A 2005 wani bincike daga arewacin Isra'ila ya nuna cewa waɗanda suka shekara biyar ko fiye suna shan statin, haɗarin kamuwa da kansar hanji a wurinsu ya yi ƙasa da kashi 47 cikin ɗari. Sai dai irin wannan bincike kallo ne kawai ake yi, ba a raba mutane a gwada ba. Mutumin da ya iya riƙe ƙwaya shekara biyar ba fashi, mutum ne mai zuwa asibiti, mai halin saye, mai kula da cimarsa. Haka nan idan majinyaci ya yi nauyi likitoci kan janye masa statin, sai ya zama waɗanda suka rage a kansa su ne masu sauran ƙarfi, a ga kamar maganin ne ya raya su. Kuma binciken na Isra'ila a kan kamuwa da cutar yake magana, bai taɓa maganar warkar da wadda ta riga ta bazu ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wanda aka yi a Koriya ta Kudu, aka wallafa a 2015. Mutum 269 masu kansar hanji da ta bazu, waɗanda layin farko ya daina yi wa aiki, daidai halin da Baba ke ciki. Duka an ba su FOLFIRI ko takwaransa XELIRI. Aka raba su gida biyu da ƙuri'a: rabi suna ƙarawa da simvastatin 40 mg kullum, rabi suna shan ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a ciki, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san wacce ake sha. Matsakaicin lokacin da aka samu kafin ciwon ya ci gaba ya kama wata 5.9 a masu simvastatin, wata 7.0 a ɗaya ɓangaren. A lissafin masana wannan tazara ba ta kai a ce simvastatin ya cutar ba, amma babu ta inda za a ce ya amfana. Tsawon rai ma bai ƙaru ba. A ƙasar Holan an gwada 80 mg tare da cetuximab, an kuma gwada tare da panitumumab, a kan masu sauyin KRAS, da fatan statin zai buɗe ƙofar da ta rufe. Gwaje-gwajen biyu ƙanana ne, kuma an tsayar da su tun a zangon farko saboda ba a ga abin da ake nema ba. Ba ɓoye maganar aka yi ba. An gwada ta a fili, ba ta ci ba.

Baffa bai san wannan ba, kuma son ɗan'uwansa ne ya motsa shi. Ya je kemis ya sayo simvastatin ta 40 mg, ya ce, "Yaya, dama kana sha, ƙarawa kawai za a yi. Biyu za ka riƙa sha da daddare." Baba bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba sabon magani ba ne. Daga 20 ya koma 80.

Kuskure uku ne suka haɗu. Na farko, 80 mg na simvastatin adadi ne da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana a fara ɗora sabon mutum a kai tun 2011, saboda lalata tsoka. Na biyu, mai shan amlodipine bai kamata ya wuce 20 mg na simvastatin ba, domin amlodipine na rage saurin da hanta ke narkar da shi. Adadin da likitan zuciya ya rubuta tun farko ba a banza ya tsaya a 20 ba. Iyakar ke nan. Na uku ya zo bayan mako uku, da tari ya kama Baba, aka karɓo masa maganin ƙwayoyin cuta clarithromycin 500 mg safe da yamma a kemis, tare da diclofenac don ciwon jiki. Sinadarin hanta da ke narkar da simvastatin sunansa CYP3A4, clarithromycin kuwa toshe shi yake yi, har simvastatin ya taru a jini ya ninka kusan sau goma. An haramta haɗa su kwata-kwata. Wannan sinadarin dai yana cikin masu kawar da irinotecan, don haka kemon ma ya ƙara kaifi.

Kwana biyar bayan zagaye na uku na FOLFIRI gudawa ta ɓarke. Gudawar irinotecan iri biyu ce. Akwai ta ranar ƙarin ruwa, mai zuwa da gumi, yawu da murɗar ciki, wadda allurar atropine ke tsayarwa. Akwai ta bayan kwanaki, ita ce mai haɗari, kuma ƙa'idarta loperamide 4 mg da zarar ta fara, sannan 2 mg duk awa biyu har sai an yi awa 12 ba a zaga ba, kada a wuce awa 48, tare da ruwan gishiri da sukari ba ƙaƙƙautawa. Baba ya sha loperamide, amma tashin zuciya ya hana shi shan ruwa. Jiki ya bushe. Sai cinyoyinsa da kafaɗunsa suka ɗauki ciwo, ya kasa miƙewa daga sujada sai an ɗaga shi, ya kasa ɗaga hannu ya sa hula. Kowa a gida ya ce kemo ne, tunda duk abin da ya sami mai kemo a kan kemo ake ɗora shi. Amma raunin oxaliplatin a yatsu da tafin ƙafa yake, dindiris ne da tsira-tsira. Gajiyar kemo kuma ta jiki duka ce. Ciwo da rashin ƙarfi a manyan tsokoki na cinya da kafaɗa, hagu da dama daidai, wannan hannun statin ne.

Abin da ya tayar da hankali shi ne fitsari: kaɗan, launin baƙin shayi. A daren aka kai shi asibiti, aka juye ledar magungunansa kaf a kan teburin likita, a nan kwalin 40 mg da na clarithromycin suka fito. Tsinken awon fitsari ya nuna jini, amma da aka duba a madubin awo babu jajayen ƙwayoyin jini. Abin da tsinken ya gani myoglobin ne, jan sinadarin cikin tsoka, wanda ke kwarara cikin jini idan tsoka ta narke ya je ya toshe ƙananan bututun ƙoda. Awon CK, sinadarin da ke fita daga tsokar da ta lalace, wanda a lafiyayye ba ya wuce 200 da wani abu, ya haura 9,000. Creatinine, ma'aunin aikin ƙoda, ya ninka uku, potassium ya hau, fararen ƙwayoyin jini sun faɗi. AST, awon lafiyar hanta, shi ma ya tashi, har aka fara tsoron ko kansar hantar ce ta yi tsalle, sai likita ya bayyana cewa tsoka ma tana fitar da AST, a jira a gani ko zai sauka tare da CK. Ya kuwa sauka.

Aka tsayar da simvastatin, clarithromycin da diclofenac nan take. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ba a ba wanda jikinsa ya bushe. Aka sa masa robar fitsari don a riƙa auna abin da ke fita awa-awa, aka yi ta ƙarin ruwan gishiri ana sauraren ƙirjinsa kada ruwa ya taru a huhu, ana awon potassium kullum saboda shi ne ke iya tsayar da zuciya. Aka ba shi wani maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya wanda ba ya taɓa CYP3A4. Allah ya taimaka ba a kai ga wankin ƙoda ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gado.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta lokaci. Mako biyar ba a yi kemo ba, CEA ya hau a tsakani, kuma da aka dawo sai da aka rage irinotecan da kashi 20 cikin ɗari. Ƙodar ba ta koma yadda take ba. Wannan yana da nauyi ga mai kansar hanji, domin capecitabine ta ƙoda yake fita: idan tacewar ƙoda ta sauka tsakanin mililita 30 da 50 a minti ana rage shi, idan ta gaza 30 galibi ba a ba da shi. Ruwan da ake allurawa kafin hoton CT ma sai an yi taka-tsantsan da shi. Kuɗin zagaye biyu na kemo suka tafi a jinyar ƙoda.

Baffa ya zo asibiti ya kasa haɗa ido da kowa. Baba ya kamo hannunsa ya ce, "Alheri ka nufa. Ni ma da na tambayi Ummi da ba a kai nan ba." Washegari Baffa ya koma zauren da aka turo saƙon ya rubuta abin da ya faru, ya roƙi a daina yaɗa shi.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da statin ɗin majinyacinsa. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki yana buƙatarsa, kansa ba ta goge wannan haɗarin, wasu magungunan kansar ma ƙara shi suke yi. Fluorouracil da capecitabine na iya matse jijiyoyin zuciya su kawo ciwon ƙirji, bevacizumab na tayar da hawan jini yana kuma kawo gudan jini a jijiya. A gwajin Koriya ma, 40 mg bai ƙara wa mutane illar kemo ba. Shi ya sa bayan mako shida, da CK ya daidaita, likitan zuciya da likitan kansa suka yi shawara suka mayar da Baba kan statin, amma rosuvastatin 5 mg, wanda kamar pravastatin bai dogara da CYP3A4 ba. Aka rubuta a katinsa cewa idan an kai ga regorafenib, maganin layi na uku, a sake duba shi, domin regorafenib na ninka rosuvastatin a jini kusan sau huɗu.

Aka kuma rubuta masa a bangon littafin jinyarsa abubuwan da mai simvastatin ko atorvastatin zai yi hattara da su: clarithromycin da erythromycin, magungunan fumfuna irin su itraconazole da ketoconazole, har fluconazole da ake yawan ba masu kemo idan bakinsu ya yi fari, magungunan ƙanjamau masu ritonavir, da garehul, babban lemon nan mai ɗaci. Aprepitant da ake bayarwa kwana uku don hana amai shi ma yana taɓa sinadarin, don haka likita ya san ana shan statin kafin ya rubuta shi. A ƙasan shafin aka sa abubuwa huɗu da ba a kwana da su a gida: zazzaɓin da ya kai digiri 38, gudawar da ta ƙi tsayawa bayan awa 24 ana shan loperamide, ciwon ƙirji, da fitsarin da ya canza launi ko ya ragu. Tun daga ranar duk zuwa asibiti da ledar magunguna ake tafiya, har da na gargajiya da na kemis.

Baba ya ƙara wata tara a kan FOLFIRI. Ya aurar da autarsa, ya ga jika biyu. Da ciwon ya fi ƙarfin magani, hanta ta kumbura, idonsa ya yi rawaya, aka koma kula da jin daɗinsa kawai: ruwan morphine duk awa huɗu, maganin sassauta ciki, kunu da farfesu gwargwadon abin da ya iya. A lokacin ƙwayoyi goma sha ɗaya yake haɗiya a rana, kowacce da ƙyar. Likita ya ce a cire rosuvastatin. Amfanin statin na shekaru ne masu zuwa, hanta mai ciwo kuma ba ta iya sarrafa shi. An gwada wannan ma a Amurka a 2015, a kan mutum 381 da ake ganin sauran ransu bai wuce shekara ba, kusan rabinsu masu kansa: waɗanda aka janye wa statin ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani a mutuwarsu cikin kwana 60 ba, kuma sun ba da rahoton sun fi jin daɗin rayuwa.

Daren farko da aka miƙa masa magani ba ita, ya duba tafin hannunsa ya ce, "Ummi, ƙaramar nan fa?" Na ce, "Likita ya sallame ka daga ita, Baba." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura goma."

Ya rasu bayan mako bakwai, ranar Alhamis da asuba, a ɗakinsa, Baffa na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.